Jirgin da ke Tunkarar Iska

Ƙaura Namoda.

Zuwa ga ɗana Lawali, a Ikko.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya kamar yadda ta bar mu. Allah ya tsare ka a tudu, ya tsare ka a kan ruwa, tunda yanzu ka sa addu'ar tamu ta rabu gida biyu. Ka ga na rubuta sunanka ɓaro-ɓaro a sama. Takarda ce ba ta da kunya. Da da baki ne, ka san ɗan fari ba ya samun fiye da "kai" a wurina, a wurin innarka kuwa ko wannan ba kullum ba.

Akwai wata magana da na ji tun ina saurayi, na ƙi yarda da ita, ita kuma ta ƙi rabuwa da ni. Wai akwai jirgin ruwan da ba shi da inji, ba mai tuƙa shi da sanda, iska ce kaɗai ke tura shi, amma yana iya nufar inda iskar take fitowa har ya isa. Wanda ya fara gaya mini shi ne Alhaji Tunau, Allah ya jiƙansa, wani tsoho da ya tafi Makka a ƙasa, ya daɗe har aka yi masa sadakar arba'in, sannan ya dawo da ƙafarsa ya tarar an raba gonakinsa. A lokacin ina kai gyaɗa tashar jirgin ƙasa da jakuna, shi kuma yana zama a gindin bedi kusa da sikeli, yana ba duk wanda ya tsaya labarin hanya. Ranar nan ya ce da suka zo ƙetare Bahar Maliya, a wani jirgin katako aka zuba su, mai ƙaton ƙyalle ɗaure a jikin dogon itace. Iska tana bugo su ta fuska, amma suna cin gaba.

Ni kuwa lokacin bakina ya fi hankalina sauri. Na ce, "Alhaji, in haka ne bari mu je mu gaya wa ƙaiƙayi ya daina bin iska, shi ma ya yi zuciya." 'Yan dako suka fashe da dariya. Tsohon bai yi fushi ba. Ya dube ni tun daga hula har ƙafa ya ce, "Yaro, kai iyakar ruwan da ka sani Gagare ne, shi ma rabin shekara yashi ne." Aka sake yin dariya, amma wannan karon ba a gefena take ba.

Bayan shekaru wani Bayarabe mai zuba wa jirgin ƙasa gawayi ya maimaita mini, ya ce da idonsa ya ga Turawa suna yi a Ikko ranar Lahadi, don wasa kawai. Na ce a raina, to, maƙaryata sun zama biyu. Ka ga irin taurin kan da ka gada. Shi ya sa nake cewa, a wurin nan da kake koyo, in aka faɗi abin da ya saɓa wa hankalinka, ka riƙe dariyarka tukuna. Hankalin mutum iyakarsa inda ƙafarsa ta taka. Ni na yi wa mutumin da ya ga teku dariya alhali ban taɓa ganin ruwan da ba a hango gaɓarsa ba, kuma ya rasu ban koma na tambaye shi yadda abin yake ba. Da na tambaya, da yanzu ina da abin gaya maka wanda ya fi wannan surutun.

Sai ga shi a Sallar nan na uku ya faɗa, a tsakar gidana, yana cin tuwona. Kai ke nan. Ka ce wurin aikinku na tashar jiragen ruwa akwai wani kulob a kusa, inda ake koya wa sababbi tuƙa irin wannan jirgin, ka sa sunanka, kana zuwa ranar Asabar. Na dube ka kana zana mana a ƙasa da tsinke, nan iska, nan jirgi, ƙannenka sun kewaye ka baki sake. Ban faɗa maka ba a lokacin, amma raina ya yi fari. Yaron da ya tashi inda ake haƙa yashi da rani kafin a ga ruwa, wanda da aka ba mu jiha kowa ya ce ya je Gusau ya kama kujera a sabon ofis, shi ne ya je ya tsaya a bakin ruwan da bai san kowa ba ya ce a koya masa. Ni a shekarunka, garin da ba a jin Hausa ko sunansa ba na so.

Na kuma san abin da kake jira. Ranar da za ka koma ka tsaya a zaure da jakarka ka ce mini, "Baba, malaminmu ya ce kafin damina zai sake ni in fita ni kaɗai. In Inna ba ta yarda ba, zan bari, ba zan sake shiga ba." Na san kuma da gaske kake, don kai ba ka iya faɗin abu don a lallashe ka ba. Innarka kuwa ko leƙowa ba ta yi ba, ƙarar taɓaryarta kawai muke ji. To amsar tana cikin takardar nan. Amma ka san ni, ba na fara tatsuniya daga ƙurunƙus. Kada ka leƙa shafin ƙarshe. Direban motar albasa da zai kawo maka ita ya fi ka haƙuri, shi da zai kwana biyu a hanya.

Bari in fara da igiya, don a nan na fi ɓata maka.

Ka tuna Jatau, jan san noman nan namu? Kana ƙarami, kanka bai kai tozonsa ba, na ba ka igiyarsa ka riƙe a gonar bayan layin dogo, na je ɗauko garma. Jirgi ya yi kuka, Jatau ya zabura. Ya ja ka a kan kututturen gero tun daga kunya ta farko har bakin shinge, kai kuwa ka ƙi saki. Da na iso gwiwoyinka duk jini, tafin hannunka ya sale. Me na yi? Na ɗaga ka sama ina nuna wa maƙwabtan gona, ina cewa ku ga namiji, bai saki ba. Na saya maka tsire a hanyar gida. Tun daga ranar duk abin da aka damƙa maka sai a yanke hannunka kafin ka saki, ni kuma ina ta alfahari.

Bayan wannan da 'yan shekaru abin ya zo kaina. Na sayi wani bijimi a kasuwar Shinkafi, na naɗe igiyarsa a hannu kamar yadda na saba. Wani raƙumi ya yi gurnani a bayansa, ya fizga, muka tafi tare. Na ture tallar nono, na shiga cikin masu barkono, ina jin wani tsohon Bafillace yana bina yana cewa, "Kaɗo, saki mana, saki." Ban saki ba sai da kafaɗata ta goce. Da aka zaunar da ni ana ɗora ni, tsohon ya durƙusa kusa da ni ya ce, "Kaɗo, sa in ya gaji zai tsaya a kamo shi. Kafaɗa kuwa na zagaya kasuwar nan kaf ban ga rumfar da ake sayar da ita ba." Na yi wata guda ina cin tuwo da hagu. Amma ko sau ɗaya ban kira ka na ce maka, abin nan da na koya maka rabinsa ne ba. Na ji nauyin in warware maganata a gaban ɗana.

To sai ga ka a Sallah kana ba da labarin yadda ka yi ta kifewa. Ka ce igiyar da ke riƙe ƙyallen tana hannunka, in iska ta taso da ƙarfi jirgi ya karkata, abin da ake so ka sassauta, iskar ta zube, jirgin ya miƙe. Kai kuwa da zarar ka ji an fizge ka sai hannunka ya ƙara damƙewa, sai dai ka gan ka a ruwa jirgi a kanka. Ka ce sauran 'yan ajin, da akawu da wata likita da ɗan wani mai kuɗi, duk sun fi ka saurin ganewa, don su ba su taɓa riƙe abin da ya fi biro ƙarfi ba. Har malamin naku, tsohon sojan ruwan nan, ya je ya tambayi mai gadi yadda ake faɗa da Hausa, ya riƙa binka a ƙaramin jirginsa mai inji yana cewa saki, saki. Kowa a tsakar gida ya yi dariya har da hawaye. Ni ma na yi. Amma na gane hannun da ke kifar da kai, don ni na yi shi a gonar bayan layin dogo.

Saboda haka ga ni ina warwarewa, a rubuce, don kada in musa gobe. Riƙo abu ne mai kyau, da shi ka gama makaranta lokacin da abokanka suka watse suka koma acaba. Amma wanda ya iya riƙo bai iya saki ba, rabin gwani ne. Kuma kada ka taɓa naɗe igiyar nan a hannunka, ko ta yi santsi, ko hannun ya gaji. Ka riƙe ta yadda in ka buɗe yatsu za ta tafi.

Abu ɗaya da ka faɗa ya burge ni ƙwarai game da mutanen nan. Ka ce ranar farko, kafin su koya maka tafiya, sai da suka kifar da kai da gangan a wuri mara zurfi, suka koya maka yadda ake taka allon da ke ƙarƙashin jirgi a tashe shi, a hau, a kwashe ruwa. Na daɗe ina juya wannan. Mu nan muna koya wa yaro hawan doki, ba mu koya masa faɗuwa, sai ranar da ya faɗi mu ce ƙaddara. Duk wanda ya zauna ya tsara a fara da kifewa, ya san duniya. Ka gaishe mini da malamin nan, ka ce wani tsoho a Zamfara ya cire masa hula. In ya daka maka tsawa a gaban mutane, ka haɗiye. Wanda ya je neman kalmar yarenka don ya cece ka ba maƙiyinka ba ne.

Yanzu maganar ruwa. Ban taɓa ba ka labarin nan ba, kuma in ka ba ƙannenka, Allah ya isa tsirena.

Lokacin da nake neman innarka, na tashi zuwa garinsu Dauran don gaisuwar iyaye da tsakiyar damina, da sabuwar riga da ƙullin goro. Na tarar gulbin da ke hanya ya kawo. A lokacin ba gada, sai 'yan fito, masu ƙetarar da mutane da manyan goruna: ka rungumi gora, kayanka a ka, ɗan fito yana iyo yana tura ka. Ɗayansu ya tambaye ni, "Baƙo, ka iya ruwa, ko a kama ka?" Na waiga na ga 'yan mata suna wanki a gaɓa, na tabbata a cikinsu akwai masu kai rahoto. Na ce, "Ni? A bakin Gagare aka haife ni." Ba ƙarya na yi ba, a bakinsa aka haife ni, cikinsa ne ban taɓa shiga ba in ya wuce gwiwa. Na karɓi gora ni kaɗai. Ban kai tsakiya ba ya sulluɓe ya yi nasa wuri, ni ma na yi nawa, wato ƙasa.

Wanda ya cafko ni ta wuyan riga ƙanen innarka ne, kawunka Ummaru, wanda ba ka yi wayo da shi ba. Duk yankin nan ba a yi mai iyo kamarsa ba, in ya shiga ruwa sai ka ce can ne ɗakinsa. Ya jawo ni gaɓa, ya danna cikina na amayar da rabin gulbi, ya ce, "Sannu Sarkin Ruwa. Goron naka ya riga ka, ya wuce gaisuwa Shinkafi." Na shiga gidan surukai da aron riga, wadda ba ta rufe mini cibiya ba. Har ya bar duniya bai sake kirana da wani suna ba. Ko a taron suna ya hango ni sai ya ɗaga murya, "A ba Sarkin Ruwa tabarma, kada a sa shi kusa da randa."

Darasin farko a bayyane yake. "Ban iya ba" kalma ce mai arha, amma na ga inda rashinta ya kusa cin rai. A wurin nan naku akwai masu kuɗi da masu Turanci, za ka ji kamar in ka tambaya za a ce ga ɗan ƙauye. Ka tambaya. Rigar nan da ka ce tana hana mutum nitsewa, ka sa ta ka ɗaure ta har wuya, ko da kowa ya cire tasa, ko da akwai masu wanki a gaɓa.

Darasi na biyu shi ne mai nauyi. Ni da ban iya ba ga ni ina rubutu da furfura. Ummaru da ya iya, ruwa ya ci shi kana rarrafe. Ranar kasuwa ce, yana ƙetarar da san wani mutum, ruwan sama da aka yi a gabas ya sauko musu ba zato. Ni ina Ƙaura, na iso an riga an rufe shi. Innarka tana can, ta je ganin gida da kai a goye. Tun daga ranar ba ta sake zuwa bakin gulbi ba, ko a mota muka hau gada sai ta ja mayafi ta rufe fuska har mu wuce. To ka ga, in ka ce mata "ai koyo nake yi, zan ƙware," ba magani ka ba ta ba, ciwon ka taɓa. Gwani ta rasa. Don haka yanzu da kake jin tsoro ban damu da kai sosai ba. Ranar da ka ji tsoron ya tafi, ranar da ka fara duban sama ka ce wannan hadarin ba komai ba ne, ranar nake so ka tuna kawunka.

Kafin in manta, maganar kulob ta zagaya gari. Ka san tun da aka ƙaddamar da Shari'a aka rufe na Sabon Gari, kalmar nan ba ta da daɗin ji a nan. Malam Garba mai tireda ya tare ni a majalisa bayan la'asar ya ce, "Malam Isa, ashe da anka kore su nan, ɗanka ya bi su har Ikko?" Na ce, "Nasa kulob ɗin ruwan gishiri ake sha, kuma na ji ya sha ya ƙoshi." Ya ce, "To Allah shi sa iyakarsa ke nan." Na ce amin, ni ma na ce ya daina sayar da sabulun da ba ya kumfa tunda gyara ake yi. Mun rabu lafiya. Amma ka faɗa da bakinka cewa in an fito daga ruwa akwai inda suke zama su sha abin da suke sha. Ba zan ce ka guje su ba, mutanen da za su tsamo ka in ka faɗa ba a yi musu girman kai. Ka gaisa da kowa, ka sha lemonka, ka tashi da wuri. Kuma ka lissafa sallarka kafin ka kwance jirgi, don na lura daga labarinka iska ba ta san la'asar ba.

To, mu dawo kan innarka.

Washegarin tafiyarka na shiga wurinta da ƙarfina. Na tarar tana tankaɗe. Na ce, "Yaron nan fa yana jiran magana daga gare ki."

Ta ce, "Wane yaro?"

Na ce, "Yara nawa gare ki a Ikko?"

Ta ce, "Ni mi nawa a ciki? Wanda ya ɗaure mashi gindi shi ba shi amsa."

Na kawo mata Annabi Nuhu, na kawo rigar da ba ta nitsewa, na kawo tsohon soja da jirginsa mai inji. Na yi bayani mai kyau, da a gaban alƙali ne da na ci shari'a. Ta bar ni sai da na ƙare, ba ta ɗago ba, ta ce, "Ummaru ma ya iya." Ta ci gaba da tankaɗe. Na tsaya a tsakar ɗaki kamar jirgin nan naka da ka ce in an tunkari iska da shi kai tsaye sai ya tsaya cik, ƙyalle yana ta kaɗawa ba tafiya. Kwanakin da suka biyo baya miyata ba ta ga man shanu ba.

Sai na ce bari in yi dabara in zagaya. Na hau mota na je Zurmi na ɗauko yayarta Kulu, don ita kaɗai take jin maganarta. Suka shiga ɗaki suka rufe ƙofa. Da suka fito sai ga masu adawa sun zama biyu, Kulu har tana tambayata ko ɗan na tsinta ne da nake son in ba kifi. Na biya mata kuɗin mota ta koma. Wannan ma ka ajiye shi don gaba, in Allah ya ba ka iyali: wanda ke cikin tsoro ba hujja yake nema ba, kuma ba a taro masa jama'a. Na shekara fiye da talatin da matar nan, sai bana na koyi in rufe bakina in jira.

Kada kuma ka ɗauki shirunta a kan rashin kula. Kai ɗan fari ne, ba za ta kira sunanka ba, ba za ta tambayi lafiyarka a gaban mutane ba, haka ta ga uwarta ta yi. Amma ranar da kake ba da labarin nan a tsakar gida, tana bayan katangar madafa tana daka, kuma ni na ji lokacin da taɓarya ta tsaya. Ba ta sake motsi ba sai da ka gama.

Ranar Juma'ar da ta wuce da hantsi tana shiƙar gero a bayan gida, ni kuma ina zaune a inuwa ina tufka igiyar akuya. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Wanga malamin nasu, da gaske shina ce musu su saki?"

Na ce, "Haka aka ce. Har da Hausa."

Ta zuba gero, iska ta kwashe ƙaiƙayi. Ta sake cika ƙwarya, amma ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Ranar da anka fiddo Ummaru, na riga mazan gidanmu isa. Igiyar san tana naɗe ga hannunshi, ta ci nama. Ta tsinke daga baya, san ya fita da ranshi. Sun kwance ta kafin a kai shi gida don kada tsohuwa ta gani." Sannan ta ce, "San mutane ne. Kunya ya ji a ce an ba shi amana ya saki."

Ban taɓa jin wannan ba. Na ce mata me ya sa ba ta faɗa ba duk shekarun nan. Ta ce, "In faɗa ma wa? Kai da ka shigo gida da yaro a kafaɗa, jini na zuba, kana shelar bai saki ba? Ranar ban ci abinci ba, kai kuwa har ƙari ka yi."

Lawali, na ajiye igiyar da ke hannuna.

Ta ɗaga ƙwarya ta ci gaba da aikinta. Sai da ta kusa gamawa ta ce, "In kana rubuta ma mutumin Ikko, ka ce rigar nan kada shi cire ta. In an ce saki, shi saki. Jirgin na mutane ne, na sani. Shi saki."

To ka ji amsarka. Ba ta ce "na yarda" ba, kuma kada ka zauna jiran ranar da za ta ce, ba za ta zo ba. Ka je wurin malaminka ka ce ya sa rana. In ka zo gida kada ka yi mata godiya a gaban mutane, za ka ba ta kunya ta fasa. Ka kawo mata turmin atamfa ka ba ƙanwarka ta kai mata, ta san ko na mene ne.

Allah ya sa ka shiga lafiya ka fito lafiya. Allah ya ba ka iska mai sauƙi, in ya ba ka mai ƙarfi ya ba ka hannu mai jin magana. Ya tsare ka daga abin da ke cikin ruwa da abin da ke bakinsa, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa ka gama da mu lafiya. Ƙannenka suna gaishe ka. Kulu yayar innarka ba ta gaishe ka ba tukuna, amma za ta sauko. Ka yi bisimilla kafin ka taka jirgi, ka kuma tuna da kawunka a addu'a.

Saura jirgin Alhaji Tunau. Da na ga innarka ta tattara ƙorenta za ta shiga gida, sai tsohon halina ya motsa. Na ce, "Ni dai duk da haka ban yarda jirgi yana zuwa inda iska ke fitowa ba."

Ta tsaya da ƙwarya a ka. Ta ce, "Shina zuwa. Ba kai tsaye ba, gicciye shika yi, nan da can, kamar mai hawan tudu da jaki."

Na ce, "Ke kin gani?"

Ta ce, "Ban gani ba. Amma ban haifi maƙaryaci ba." Ta shige.

Tun da aka yanke maka cibiya ban taɓa jin ta amsa da bakinta cewa ita ta haife ka ba sai ranar. Alhaji Tunau ya gaya mini na yi dariya, mai gawayi ya gaya mini na ƙara, kai ka gaya mini na ce sai na gani. Wadda ta gaya mini ta ƙarshe, na kuma ajiye musu, ita ce Hajara 'yar mutan Dauran, innarka.